'Yata ta ƙi tuwo, kullum tana kukan jiri

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yata mai shekara 15 ta juya wa abincin gida baya. Da safe shayi da burodi, a makaranta lemon kwalba da cincin, da dare taliyar leda. Kwanan nan kullum sai ta ce jiri take ji, ga kasala. Kakarta ta ce rashin cin tuwo ne. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kakarta ta faɗi gaskiya, sai dai abin da yarinyar ta rasa ya fi yawa a cikin miya, ba a malmalar tuwon ba.

Kafin komai, ja fatar idonta ta ƙasa ki duba, ki dubi tafin hannunta. In kin ga sun yi fari, wataƙila ƙarancin jini ne ke sa ta jiri, ki kai ta asibiti a auna jininta. Tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro su ma suna rage jini, kuma abinci kaɗai ba zai kawar da su ba.

Yarinya a wannan shekarun tana ƙara tsawo, ga al'ada duk wata. Shi ya sa daga shekara 14 zuwa 18 take buƙatar sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, kusan miligiram 15 a rana, namiji kuwa 11. Burodi da taliyar leda ba za su ba ta wannan ba. Shayin ma yana hana hanji tsotsar ɗan abin da ta samu, in an sha shi tare da abinci. Lemon kwalba ɗaya kuwa yana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 8 ko 9, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sukarin yini guda kada ya wuce kimanin cokali 12.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin yana cikin madafinmu, muna raina shi. Gero ya fi farar shinkafa ayon nesa ba kusa ba, kuma jiƙa shi da tsima shi, kamar yadda ake yi wa kamu, na sa jiki ya fi amfana da shi. Ga wake, ga zogale, ga alayyahu, ga busasshen kifi a miyar kuka, ga hanta ko da sau ɗaya a mako. Ki matse lemon tsami a kan kwaɗon zogale, ko ki ba ta gwaiba bayan ta ci ɗanwake, domin bitamin C na taimaka wa ayon ɗin ganye ya shiga jiki. Fura da nono kuma ƙashinta take ginawa, muddin an tafasa madarar kafin a yi nonon, ba a kuma cika sukari ba.

Kada ki yi mata faɗa a kan tuwo, 'yan mata ba sa jin wannan yaren. Ki fara da abin da take so. In taliyar ce, yanka mata alayyahu da ƙwai a ciki, ki rage garin ɗanɗanon da ke cikin ledar saboda gishirinsa. Ki ƙunsa mata alala ko ƙosai ta tafi da shi makaranta, shayin kuma a jinkirta shi sai awa ɗaya bayan cin abinci. Allah Ya ba ta lafiya.