Furen daji rawaya mai ganye dabbare-dabbare

Wa alaikumus salam Hajiya. Furen nan rawaya mai sunkuyar da kai da kika gani a dajin bayan gidanku a jihar Ohayo ta Amurka, kike tambaya ko za ki iya tono shi ki dasa a gida, sunansa trout lily, dangin lili ne. A wurin masana tsirrai, Erythronium americanum. Ɗigo-ɗigon ganyensa ne ya yi kama da jikin kifin trout, har aka laƙaba masa sunan.

Don Allah ki bar shi inda kika same shi. Ni na taɓa wannan gangancin a shekarata ta biyu a jihar Mishigan. Na zaci kamar albasa zan cira, ashe 'yar albasar tasa can ƙasa take, fara, siririya kamar haƙorin kare. Rabinsu na tsinke a wurin tono, sauran da na sa a tukunya kuwa ko leƙowa ba su sake yi ba. Ga shi yawancin gandun daji na gwamnati an hana tono tsirrai.

Yana fitowa ne a Afrilu, ƙanƙara ta narke amma bishiyoyi ba su yi ganye ba tukuna, ya kwashi ranarsa cikin 'yan makonni. Da inuwa ta rufe dajin, wajen Yuni, sai ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Amma daga iri zuwa furen farko yakan ci shekara 4 zuwa 7. Ki koma ki duba da kyau: masu ganye ɗaya ba sa fure, sai masu ganye biyu, kuma su ne 'yan kaɗan. Irinsa ma tururuwa ke rarraba shi, don akwai ɗan maiƙo a jikin ƙwayar da suke kwaɗayi, su kai gida su cinye maiƙon su yar da ƙwayar. Wani filin nasa ya haura shekara 200 yana yaɗuwa a hankali.

In kina sonsa a gida, ki sayi wanda aka yi rainonsa a wurin masu sayar da shuke-shuke. Akwai ɗan'uwansa mai suna Pagoda, ya fi sauƙin sha'ani. Ki dasa a Satumba ko Oktoba ƙarƙashin bishiya mai zubar da ganye, kuma kada ki bari albasar ta bushe kafin ta shiga ƙasa.

Batun da kika yi na kai wa Mama shi a Kano kuwa, ki haƙura. Sai ya kwana watanni cikin sanyin ƙanƙara yake farkawa, hunturunmu na Kano bai ishe shi ba.