Ciwon ɓarin kai gab da al'ada: wane magani zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 27, ina aure a Garwa. Duk wata, saura kwana biyu al'adata ta zo, ɓarin kaina na hagu sai ya kama sarawa, ga tashin zuciya, ko hasken taga ba na son gani. Nonuwana su yi nauyi, in yi ta yi wa yara faɗa ba dalili. Wani mai tallan magani ya ce in sayi tramol, wai nan take yake yanke ciwon. In saya, ko in je farmasi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki. Don Allah kada ki sayi tramol. Yana da sa sabo, mun kuma ga abin da ya yi wa samarinmu, sannan ba shi likitoci ke bayarwa don irin ciwonki ba. Ga shi maganin da ya wuni a faranti cikin ranar Garwa ba wanda zai ba ki tabbacin ingancinsa.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon ɓarin kai mai bin al'ada. Gab da zuwan jini, sinadarin estirojin yakan yi ƙasa a jikin mace, wannan saukar ce ke tayar da ciwon ga wadda dama take da ciwon ɓarin kai. Nauyin nono da saurin fushin ma sauyin sinadaran ƙarshen wata ne ke kawo su, shi ya sa kike ganinsu tare. Ciwon yakan zo tsakanin kwana 2 kafin jini zuwa rana ta 3, yana iya ɗaukar awa 4 har zuwa 72, kuma shi ciwon ɓarin kai gaba ɗaya ya fi kama mata fiye da maza wajen ninki uku. Ba raki ba ne, kada kowa ya ce miki haka.

Ki je farmasi ki nemi ibuprofen na miligiram 400, ki sha bayan kin ci wani abu, da zarar ciwon ya fara motsi. Mata da yawa suna daurewa sai ya kai su kwance, a lokacin kuwa maganin ba ya yin aiki sosai. Idan kina da gyambon ciki ko ciwon ƙoda, ko kina zaton kin samu juna biyu, ki bar shi ki nemi farasitamol. Ki kuma lura da yawan sha: wadda ke shan irin waɗannan kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yakan koma jawo mata ciwon kai.

Akwai abin da ba sai kin kashe ko dala ba. Ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo da ranar da jini ya fara, har wata uku. Idan sun haɗu a wata biyu cikin ukun, ki kai wa likita takardar. Da ita zai iya tsara miki fara sha kafin ciwon ya iso, ko ya rubuta miki sumatriptan, wanda aka yi musamman don wannan ciwo. A kwanakin nan ki yawaita shan ruwa, kada ki tsallake abinci, ki kwanta da wuri.

Amma ciwon kai da ya zo da zazzaɓi da ƙagewar wuya, musamman da rani, ko wanda ya sare ki farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, wannan asibiti za ki nufa a ranar.

Tambaya: Yaya, daga Marwa nake. Kafin kaina ya fara ciwo nakan ga wani ƙyalli yana wulgawa a idona wajen minti 20. Ina so in sayi ƙwayar tazarar haihuwa irin wadda maƙwabciyata ke sha, ta ce har ciwon mara ta rage mata.

Amsa: 'Yar'uwa, ki dakata tukuna. Ƙyallin nan alama ce da ke rigayen ciwon ga wasu, kuma mai ganinsa bai kamata ta sha ƙwayar da ke da estirojin a ciki ba, domin tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wannan cikin abin da ta hana. Abin da ya karɓi maƙwabciyarki ba lallai ya karɓe ki ba.

Hanyoyi ba su ƙare ba: akwai ashanar hannu, akwai allurar wata uku, akwai robar mahaifa, duka babu estirojin a cikinsu. Ki je sashen tsarin iyali na asibitin da ke kusa da ke, kuma tun kafin ungozoma ta miƙo miki komai ki fara gaya mata zancen ƙyallin.