Ku Tambayi Bakanike: Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙarfin Inji, Wacce Ce Orijina Wacce Ce Haɗi?

Tambaya: Salam Malam, yayana da ke zaune a Amurka ya turo min hoton wata Chevrolet Chevelle ƙirar 1970, ja da ratsin baƙi a bonet, an rubuta SS 454 a gefenta (SS nau'inta ne mai ƙarfi, 454 kuma girman injin a awon cubic inch), mai ita ya ce wai LS6 ce, wato mai injin 454 mafi ƙarfi, kuma kuɗin da ya faɗa bai kai rabin wanda muke gani a gwanjo ba. Yaya za mu gane ta gaske ce? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya arahar nan ita ta fara tayar min da hankali, ka san dai araha ba ta ado. Rubutun SS ɗin nan da ratsin bonet ana sayar da sababbinsu har yau, duk wani fanelbita mai hannu zai ɗauki Malibu, wato Chevelle ta gama-gari, ya mayar da ita SS cikin ɗan lokaci, don haka ku ajiye maganar hoto a gefe tukuna.

Matsalar Chevelle ɗin 1970 ita ce lambar shasi ba za ta raba muku gardama ba. Daga 1966 zuwa 1968 SS mota ce mai zaman kanta, lambarta na farawa da 138, kana gani ka gama magana, amma daga 1969 sai kamfanin ya mayar da SS wani ƙari da mai saye ke biya a ɗora masa, shi ya sa ta 1970 za ka ga 136 a farko, wanda abin da yake gaya maka kawai shi ne Malibu ce mai silinda takwas, bai ce komai kan girman injin ba, sai a 1972 suka fara saka harafin inji cikin lambar.

To sai a koma kan injin kansa. Yayanka ya buɗe bonet ya duba gaban bulok ɗin ta ɓangaren fasinja, akwai wani ɗan shafaffen ƙarfe da aka buga lambobi a kai, ƙarshen lambar shasi ya kamata ya fito a wurin, sannan da haruffa uku da ke nuna irin injin, LS6 mai giyar hannu CRV ne, mai otomatik kuma CRR. Amma fa 'yan damfara su ma sun haddace wannan, sukan goge wurin su sake bugawa, shi ya sa masana ke zuwa da tocila da madubin ƙara girma suna neman wasu siraran layuka da injin yankan kamfani ya bari a kan ƙarfen, miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, in ka ga wurin ya yi sumul ko layukan sun yi zagaye to hannu ya taɓa shi. Sai takardar haɗa motar da ma'aikata ke bari a ciki, ana samunta saman tankin mai ko ƙarƙashin kujera ko bayan murfin ƙofa, da wani ɗan katin garanti na ƙarfe mai suna Protect-O-Plate. Wani abu mai sauƙi kuma, LS6 ba ta fito da AC daga kamfani ba, in ya ce maka da AC ɗinta ta zo to an gama.

LS6 guda 4,475 aka ƙera a shekarar, har da waɗanda aka saka wa El Camino, wato Chevrolet mai buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya, tana ba da ƙarfin doki 450, alhali 'yar'uwarta LS5 mai lita 7.4 iri ɗaya 360 take bayarwa, kuma tambarin jikinsu ɗaya ne. Ni dai ban ga laifin motar haɗi ba in mai ita ya faɗi gaskiya kuma aka biya kuɗin haɗi, ta ma fi daɗin hawa don ba ka tsoron ƙwarzane. Kafin ya biya ko sisi ya ɗauki mai duba irin waɗannan motoci ya je da shi.

Tambaya: Malam ni kuma wata na gani mai dogon hanci da wani fiffike a baya da ya fi rufin motar tsayi, ɗana ya ce haka ta fito ni kuma na ce ƙarin samari ne, wa ya fi gaskiya? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya a yi haƙuri, wannan karon yaro ne da gaskiya. Ko dai Dodge Charger Daytona ce ta 1969 ko Plymouth Superbird ta 1970. Dokar NASCAR, hukumar tseren motoci ta Amurka, ce ta haife su, don ba a yarda ka shigo da mota fili ba sai ka ƙera adadi kaza ka sayar wa jama'a, Daytona guda 503 aka yi, Superbird kuma wajen 1,900 da 'yan kai, kuma babban dalilin yin Superbird shi ne a dawo da direba Richard Petty wanda ya koma Ford. A watan Maris na 1970 Buddy Baker ya haura mil 200 a awa da Daytona a filin tseren Talladega, fiye da kilomita 320 kenan. Fiffiken an ɗaga shi sama ne ya samu iskar da rufin motar bai dagula ba, ya danne bayanta ƙasa, ko da yake za ki ji masu cewa don but ya samu buɗuwa ne.

Abin dariyar shi ne a lokacin mutane ra'ayinki gare su, Superbird ta yi kwantai a wurin dillalai har wasu suka cire hancin da fiffiken suka sayar da ita a matsayin Road Runner, motar Plymouth da aka gina Superbird a kanta, yanzu kuma akasin haka ake yi, a ɗauki Road Runner a manna mata. Ta gaske rufinta a lulluɓe yake da leda baƙa don ɓoye aikin da aka yi a gilashin baya, kuma bonet da gefen gabanta na Dodge Coronet ne aka gyara. Su motocin Chrysler, kamfanin da ke da Dodge da Plymouth a lokacin, suna da sauƙi ta wani fanni, harafi na biyar a lambar shasi yana faɗin injin, a 1970 R na nufin inji 426 mai suna Hemi, V kuma 440 mai kafireto uku, U 440 mai kafireto ɗaya. NASCAR ta karya musu ƙafa a 1971 da ta ce mai fiffike girman injinta kar ya wuce cubic inch 305.

Tambaya: Me ya sa injin da aka rubuta doki 400 da wani abu a 1970, bayan shekara biyu sai ka ga ya faɗo ƙasa sosai, lalacewa aikinsu ya yi? Daga wani bakanike a Maraɗi.

Amsa: Abu biyu ne suka haɗu abokin aiki. Na farko awon ne ya canza, da can ana gwada injin tsirara a kan benci babu salansa babu matatar iska babu komai da ke jan ƙarfinsa, daga 1972 aka koma awonsa yadda yake cikin mota da kayansa duka, sai lambar ta faɗi ko da ba a taɓa ƙusa ɗaya ba. Na biyu kuma da gaske an rage matsin fiston daga 1971 don injin ya iya shan fetur mara dalma, ga dokar hayaƙi ta 1970, ga kamfanonin inshora sun tsawwala wa matasa masu irin motocin nan, sai tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙarasa. Ita Hemi ma ba ta jira ba, 1971 ce shekararta ta ƙarshe, kuma Plymouth Cuda mai injin Hemi da buɗaɗɗen rufi ta wannan shekarar ba su wuce goma sha biyu ba, ɗaya an sayar da ita dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Seattle a 2014.

Mai tambaya kan Mustang Boss 429 da lambar KK ta Kar Kraft, saƙonka ya iso, sai fitowa ta gaba in sha Allah.