Dalilin jinkirin dawowar ruwan famfo bayan girgizar ƙasa

Malam, ka tambayi abin da ke jinkirta dawowar ruwan famfo bayan girgizar ƙasa. Bututun a binne suke, kuma galibi a mahaɗa suke ɓallewa, saboda haka sai an riƙa sako ruwa unguwa-unguwa kafin a gano inda yake yoyo. Ana fara gyara matatar ruwa da manyan bututu, sannan layin asibitoci, tankoki kuma suna raba wa jama'a ruwa. A birnin Kobe na Japan, a 1995, aikin ya ɗauki kusan wata uku.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙazantar masai da ke kutsawa cikin fasassun bututu. Ko a nan Zariya, idan bututun unguwa ya fashe, a tafasa ruwan kafin a sha.