Kar ka biya kuɗin nan, ɗana

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun ina cikin danfo daga Yaba, cunkoso bai bar ni na amsa ba sai yanzu da na iso Agege na yi isha'i. Ka ce wata mujalla ta turo maka imel tana ta yabon aikinka na digiri na biyu, wai ka tura dala 150 su buga maka maƙala cikin sati biyu, kuma abokan aikinka a dipatmen suna cewa ka biya kawai tunda ba a samun ƙarin girma sai da wallafa. Shi ne kake tambaya ka biya ko a'a.

Kar ka biya.

Gaskiya ne a wannan sana'a tamu ta koyar da falsafa ba ka tashi daga ƙaramin lakcara ka kai babba sai kwamiti ya ƙirga abin da ka wallafa, wannan kam ba ƙarya suka faɗa maka ba. Amma sati biyun nan shi ne ya tona asirin masu imel ɗin. Mujalla ta gaskiya idan ka tura mata aiki edita zai cire sunanka ya miƙa wa masana biyu da ba su san ka ba kai ma ba ka san su ba, su zauna su bi hujjarka layi-layi suna neman inda ta yi rauni, wata uku wata shida kai wani lokaci har shekara kana jira, sannan amsa ta zo, ko dai a ce ba a karɓa ba ko a ce gyara ka sake turowa. To wa zai yi wannan aikin cikin kwana 14? Babu wanda zai karanta, kuɗinka kawai suke so. Akwai mujallu na ƙwarai da ke karɓar kuɗin bugawa, amma su sai bayan an tantance aikin an amince da shi, kuma ba sa bin mutum da daɗin baki.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin ina sabon shiga, na biya wata mujalla, da ta fito na buɗe sai ga kuskuren da na yi a layin farko yana nan yadda na tura shi, maƙalar da ke gaba da tawa kuma a kan kiwon kifi take. Har yau abin yana min ciwo, don tunani ne mai kyau na binne a inda ba mai gani, kuma abin da aka riga aka buga ba ka da damar kai shi wani wuri. Ranar da takardunka suka je hannun masu tantancewa na waje, farfesa ɗaya da ya san irin waɗannan mujallu ya isa ya sa a dubi sauran aikinka da shakka.

Abu mai sauƙi, kafin ka tura wa kowa ka duba ko mujallar tana cikin AJOL ko Scopus, wato rumbunan intanet da ke jera mujallun ilimi da aka tantance, ka shiga PhilPapers, shafin da ke tattara rubuce-rubucen falsafa, ka ga ko mutanen da kake karantawa sun taɓa bugawa a cikinta, ka karanta maƙala biyu daga fitowarta ta ƙarshe. Idan ka ji kunya a ga sunanka kusa da su to ka san amsa.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, gaggawar ce. Babinka na uku da ka yi a kan kunya, inda ka ce kunyar Bahaushe ba tsoron idon mutane kaɗai ba ce, akwai wadda mutum ke ji ko yana shi kaɗai a ɗaki, wallahi nan ne aikinka yake, kuma bai nuna ba tukuna. Tun 1974 aka buga laccar Kirk-Greene, Baturen nan masanin Hausa, kan mutumin kirki, har yanzu mu masu harshen ba mu yi wa kirki da mutunci da kunya irin zaman da ya dace ba. Dubi marigayiya Sophie Oluwole da ta koyar a nan Jami'ar Legas da ke Akoka, sai 1984 ta samu digirinta na uku a Ibadan tana dab da shekara 50, ta riƙe hikimar Yarbawa ta Ifa ta ajiye Orunmila, wanda ake jingina wa wannan hikima, kafaɗa da kafaɗa da Socrates, malamin falsafar Girkawa, yau duk mai karatun falsafar Afirka ya san sunanta. Mu kuma ga Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya bar rubuce-rubucen hikima da Larabci kafin rasuwarsa a 1864, kai kuma ka yi allo ka yi zaure, kana iya karanta su, mafi yawan abokan aikinka ba za su iya ba.

Sannan kar ka raina ajin lojik ɗin nan na dole, na ilimin kafa hujja, da aka jibga maka, na san ɗalibai sun cika hol har bakin taga ga makirfo ba ya aiki. Ka kai musu hujjarka ta kunya da kalmomi masu sauƙi ka ga inda za su tsaya. Ɗan aji ɗaya da ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, sau da yawa daidai wurin da mai tantancewa zai ja jan layi ya nuna maka, kuma kyauta.

Ka buga babin a takarda, ka bar fili a gefe sosai don biro na ja ne kuma ina da yawan rubutu. Ka same ni ofis ranar Talata bayan azahar, mu fara daga shafi na farko. Ka gaida mutan gida.