Tambaya da Amsa: Ya zan mai da hoto ya zama labarin wasan tebur?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni nake jan wa abokaina wasan tebur ɗin nan irin su Dungeons & Dragons, kowa ya ɗau jarumi ɗaya ana jefa dayis ni kuma ina ba da labari. To labari ya ƙare min gaskiya, kullum dodo ne a kogo a kashe shi a kwashe zinare, har sun fara latsa waya ana cikin wasa. Hotuna kam na tara sun cika min waya amma ban san ya zan yi da su ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ai tarawar ce matsalar taka. Zaɓi guda ɗaya tak, sauran ka bar su su huta, sannan ka zauna ka tsare shi da tambaya kamar ɗan sanda ya samu mai laifi: me ya faru kafin wannan lokacin, wa ya kamata a ce yana cikin hoton amma babu shi, me zai lalace nan da awa ɗaya idan ba wanda ya sa baki.

Bari in ba ka misali da zanen Pieter Bruegel na 1565, wanda ake kira Mafarauta a Cikin Ƙanƙara, yana gidan tarihi a Biyena. Mafarauta uku ne sun dawo da karnukansu kai a sunkuye, duk wahalar nan abin da suka samo yanyawa ɗaya ce rataye a bayan ɗayansu, a gefe ga masauki allon sunansa ya karkace saura ƙiris ya faɗo, can ƙasa kuma mutanen gari na ta wasa a kan ruwan da ya daskare ko a jikinsu, kuma in ka ƙura ido can nesa akwai gidan da wuta ta kama bututun hayaƙinsa. To ina namun dajin suka tafi? Me ya kore su? Su uku suka fita ko huɗu? Wa zai gaya wa gari cewa abincin ba zai kai ƙarshen sanyi ba? Ka ga ba dodo ko ɗaya a hoton amma ka samu wasan da zai ɗauke ku watanni, kuma kar ka amsa duka tambayoyin kai kaɗai, ka bar wasu 'yan wasan su amsa da bakinsu, abin da mutum ya ƙirƙira da kansa ba ya latsa waya ana maganarsa.

Kuma ba sabon abu ba ne. Simon Stålenhag ɗan ƙasar Suwidin zane kawai yake yi, yara a ƙauye a shekarun 1980 ga manyan injuna da mutum-mutumi an yasar a gona, daga zanen nan kamfanin Free League ya fitar da wasan Tales from the Loop a 2017. Zane ne ya riga dokokin wasan zuwa.

TAMBAYA: Malam ni kuma idan na nuna musu hoton sai labarin ya mutu, kowa ya tsaya kallo ana musu kan kalar riga. In daina nunawa ne?

AMSA: 'Yar uwa ba dainawa za ki yi ba, lokaci za ki sauya. Ki fara faɗa da baki, abu biyu ko uku da ido zai fara kamawa, ki ƙara da abin da hoto ba ya da shi wato wari da sauti da sanyi, sai sun riga sun shiga wajen da tunaninsu sannan ki nuna ki kife wayar. Wuri da gini na fi son a nuna. Fuskar mugu kuwa a ra'ayina gara a ɓoye, wadda ke kansu ta fi ban tsoro nesa ba kusa ba. Idan kurkuku ko ƙarƙashin ƙasa za su shiga ki nemi zanen kurkukun Piranesi, wani tsohon mai zane ɗan ƙasar Italiya, bugun 1761 mai zane 16, matakala da gadoji da sarƙoƙi birjik ba ka gane ina ta fara ina ta ƙare, shi wannan ko an yi musu a kansa musun hanya za a yi, kuma wasan kenan.

TAMBAYA: A ina zan samu hotuna masu kyau ba tare da na ci haƙƙin kowa ba?

AMSA: Gidan tarihin Metropolitan na Niyok ya saki hotunan tsofaffin kayansa kyauta tun 2017, gidan tarihin Rijksmuseum na Amsterdam shi ma yana bayar da nasa kyauta, sauke su za ka yi daga intanet ka buɗe su sosai har ƙananan mutanen da ke lungu su fito. Katin wasan Dixit, wanda kowane kati zane ne a jikinsa, shi ma yana yi, ka ja guda ɗaya ido rufe duk lokacin da kai ya toshe. Zanen mai zanen da ke raye kuwa, nunawa abokai a tebur ba laifi, amma ranar da za ka ɗora wasanka a intanet ko ka sayar to ka nemi izininsa tukuna, ka kuma rubuta sunansa.