Filin Tambaya: Kwandalar shekara ɗaya, ita ce mai tsada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A cikin gwangwanin tsofaffin kwandaloli da na gada, na tsinci santi ɗaya na Amurka, bugun 1943, fari kamar azurfa, alhali sauran duk jajaye ne. Abokina ya ce shekara ɗaya tak aka buga irinsa, wai na yi arziki. Gaskiya ne? Kuma in ina son tara irin waɗannan, ta ina zan fara?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam. Abokin naka ya kama bakin zaren, amma ya sake shi a hanya. Gaskiya ne a 1943 kaɗai aka buga wannan santi. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji na bukatar jan ƙarfe, sai aka koma baƙin ƙarfe aka shafe shi da tutiya. Mutane ba su so shi ba: yana kama da santi goma a ido, ga shi yana tsatsa ta gefe. A 1944 aka koma jan ƙarfe. Sai dai a wannan shekara ɗayar an buga sama da biliyan ɗaya. Don haka kada ka ci bashi da sunansa.

Ni ma haka na ruɗe da na fara. Na ɗauka gajeren zamani shi ne ƙaranci, ashe abu biyu ne daban. Abin da ke sa kwandala tsada shi ne guda nawa aka buga, guda nawa suka rage, da kuma yadda ta tsira daga gogewar hannu.

Dubi santi biyar na 1883. An zana babban harafin V a bayansa, wato biyar a lissafin Romawa, ba a rubuta kalmar CENTS, wato santi, ba. 'Yan damfara suka riƙa shafa masa ruwan zinare suna miƙa shi a matsayin dala biyar. Kafin shekarar ta ƙare aka ƙara kalmar. To, da jama'a suka ji an yi kuskure, kowa ya ɓoye nasa yana jiran ya yi daraja. Sakamakon haka, yau marar CENTS ɗin ya fi sauƙin samu da kyaunsa fiye da wanda aka gyara, duk da cewa an fi buga na biyun yawa. Wannan labari na ba ni dariya duk lokacin da na tuna shi.

Masu wuyar kuwa suna nan. Santin farko na 1793, mai zanen sarƙa a baya, guda 36,103 aka buga, aka janye zanen saboda mutane sun ga sarƙa ba ta dace da ƙasar da ke kirarin 'yanci ba. Sai santi mai hoton Shugaba Lincoln na 1909 mai haruffan VDB, wato haruffan farko na sunan mai zanen, Victor David Brenner, waɗanda aka cire bayan 'yan kwanaki. Wanda aka buga a birnin Filadelfiya kusan miliyan 28 ne, na birnin San Faransisko mai alamar S kuwa 484,000. Zane ɗaya, shekara ɗaya, amma tazarar kamar sama da ƙasa. Shi ya sa maƙera jabu ke manna wa na Filadelfiya harafin S.

Shawarata ka fara da masu sauƙi masu labari. Ga na 1943 a hannunka. Nemi na 1883, sannan santi biyar na 1913 mai ɓauna tsaye kan tudu, wanda aka sake wa fasali saboda rubutun ƙimarsa na saurin gogewa. In ka gaji da Amurka, akwai kwandaloli masu huji na 1936 ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila bai cika shekara ba. An buga su don Fiji, Niyu Gini, Afirka ta Gabas da ta Yamma, babu hotonsa a jiki.

Roƙona ɗaya: kada ka wanke. Na taɓa goge wata da toka don ta yi ƙyalli, na kashe mata daraja da hannuna. Riƙe ta ta gefe, ka ajiye inda babu laima, musamman wannan taka mai tsatsa.

Ka sake zazzage gwangwanin nan. In ka ga santin 1943 ja, ba fari ba, kara masa maganaɗisu. Idan ya manne, na ƙarfe ne aka rina. Idan bai manne ba, duba lambar 3 ɗin da kyau, don akan kankare 8 na 1948 a mai da shi 3. In ya tsallake duka biyun, kai wa ƙwararre ya duba, domin 'yan ƙalilan ne aka buga da jan ƙarfe bisa kuskure a shekarar.